Da Niyok da Santanbul da Legas sun ci gaba da riƙe kujerar mulki, me zai canza?

Tambaya: Ƙasashe da dama sun ɗauke fadar gwamnatinsu daga birnin da ya fi kowanne girma suka kai ta wani wuri, kamar Amurka da Turkiyya da Najeriya. Da ba su yi haka ba, yaya tarihinsu zai kasance? Birnin zai ninka girmansa na yau? Ƙasar za ta fi zaman lafiya ko za ta fi rikici?

Amsa:

Malam, abu biyu ka haɗa a tambayarka, girman birnin da kuma halin mulkin ƙasar. Na farkon shi mutane suka fi sha'awar tattaunawa, amma a ganina shi ne ba zai canza sosai ba a yawancin ƙasashen. Na biyun shi ne inda tarihi zai karkata, domin mai mulkin da yake kwana a tsakiyar miliyoyin talakawansa ba ya yin mulki irin na wanda ya yi musu nisan kwana guda a mota.

Kafin mu je can, akwai sharaɗi ga duk mai son sake tsara tarihi a zuci. Ruwa ba ya tsami banza, kuma babu ƙasar da ta kwashe gwamnatinta don nishaɗi. Idan ka ce gwamnati ta zauna inda take, sai ka faɗi yadda aka yi da matsalar da ta tashe ta. Amurka ce ta fi nuna wannan a fili, don haka zan daɗe a kanta.

A Niyok aka rantsar da George Washington, shugaban Amurka na farko, ranar 30 ga Afrilu, 1789, a ginin Federal Hall da ke kan titin Wall Street. Ƙidayar 1790 ta ba birnin mutum dubu 33 da 'yan kai, sama da kowane birni a ƙasar. Duk da haka babu wanda ya ɗauki zaman gwamnati a can a matsayin na dindindin. Takarar gaskiya tana tsakanin jihar Pennsylvania da bakin kogin Potomac, inda 'yan Kudu suke so. A daidai lokacin Alexander Hamilton, sakataren baitulmali kuma ɗan Niyok, yana neman gwamnatin tarayya ta ɗauki bashin da jihohi suka ci a yaƙin neman 'yanci, kimanin dala miliyan 25. Jihohi irin su Virginia, waɗanda suka riga suka biya mafi yawan nasu, suka ce ba za su biya wa wasu ba, majalisar wakilai kuma ta yi watsi da shirin a watan Afrilun 1790. Sai aka yi ban gishiri in ba ka manda. Hamilton da Thomas Jefferson da James Madison, manyan 'yan siyasar Virginia biyu, suka zauna cin abincin dare a watan Yuni, 'yan Kudu suka sassauta kan bashin, aka ba su fadar gwamnati. Masana tarihi suna jayayya kan ko wannan zaman shi kaɗai ya ƙulla maganar, amma dokokin biyu sun fita a jere: ta mazaunin gwamnati ranar 16 ga Yuli, ta bashin ranar 4 ga Agusta. Gwamnati ta yi shekara goma a Filadelfiya, sannan ta tare a Washinton a 1800.

Ka ga ke nan, don Niyok ta riƙe kujerar, sai Hamilton ya haƙura da shirin bashinsa, ko ya nemo wa Kudu wani abin da ya kai fadar gwamnati daraja. Shirin bashin nan shi ya sa attajirai na gida da na Turai suka yarda su ranta wa sabuwar gwamnatin kuɗi. Amurkar da ta riƙe Niyok ta rasa wannan shiri za ta fara rayuwa da gwamnatin tarayya marar ƙarfi, kowace jiha na kokawa da bashinta ita kaɗai.

Akwai cikas na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci ga tambayarka. A watan Yunin 1783 wasu ɗaruruwan sojoji da ba a biya su haƙƙinsu ba suka kewaye ginin da majalisar ƙasa take zama a Filadelfiya. Majalisar ta nemi hukumomin Pennsylvania su fito da dakarun jiha su kare ta, suka ƙi. 'Yan majalisa suka tattara suka gudu Princeton. Wannan abin kunya bai bar zukatansu ba, shi ya sa kundin tsarin mulki ya tanadi gunduma ta musamman, wadda ba za ta wuce mil goma a kowane gefe ba, kuma majalisar tarayya ce kaɗai mai iko da ita. Tun ranar farko, abin da ake nema shi ne wurin da taron jama'a ba zai iya rutsa gwamnati ba. To, da an ɗora wannan gundumar a kan Niyok, sai jihar ta sallama birninta mafi arziki, mazauna birnin kuma su rasa wakilci a majalisa, kamar yadda mutanen Washinton suke har yau ba su da sanata, ba su kuma samu damar zaɓen shugaban ƙasa ba sai bayan gyaran tsarin mulki na 1961. Birnin da ya haura mutum dubu 800 a 1860 ba zai zauna shiru a wannan hali ba. Ko dai a gyara tsarin mulkin tun da wuri, ko a yi ta tarzoma har a gyara.

Cikas na uku shi ne bauta. Pennsylvania tana da doka tun 1780 cewa bawan da aka shigo da shi jihar ya wuce wata shida ya zama ɗa. An keɓe 'yan majalisa daga dokar, amma ba a keɓe shugaban ƙasa ba, har George Washington da kansa ya riƙa fitar da bayin gidansa daga jihar kafin wa'adin ya cika, sannan a dawo da su. Jihar Niyok ma ta kama hanyar, ta soke bauta gaba ɗaya a 1827. Masu bayi na Kudu suna son fadar gwamnati a ƙasar da bauta halal ce a doka, kuma sun samu. An ci gaba da cinikin bayi a Washinton har 1850, ba a 'yanta bayin birnin ba sai 16 ga Afrilu, 1862. Da gwamnati tana Niyok, shugabanni da ministocin da suka fito daga Kudu za su yi shekaru suna zaune cikin al'ummar da ba ta riƙe bayi, ƙarƙashin idon jaridu da ƙungiyoyin yaƙi da bauta. Ina kyautata zaton rigimar Kudu da Arewa za ta nuna da wuri, ba za ta jira 1861 ba.

Idan kuma yaƙin basasar ya zo a lokacinsa, fasalinsa zai bambanta. Washinton tana kallon Virginia a tsallaken kogi, Richmond hedikwatar 'yan aware ba ta fi mil ɗari daga gare ta ba, jihar Maryland mai bayi kuma ta zagaye ta daga sauran ɓangarori. Shugaba Abraham Lincoln ya shafe yaƙin yana tsare dubban sojoji don gadin birnin, har a watan Yulin 1864 rundunar Kudu ta iso bakin ganuwarsa. Daga Niyok wannan fargaba ba za ta taso ba, janar-janar ɗinsa za su samu sakewa. Sai dai wata fargabar za ta maye gurbinta. Niyok tana cin moriyar audugar Kudu ƙwarai, magajin garinta Fernando Wood ya ba da shawara a Janairun 1861 cewa birnin ya ɓalle ya zama mai cin gashin kansa, kuma mutanen birnin ba su zaɓi Lincoln ba a 1860 da 1864. A watan Yulin 1863, da aka fara ɗaukar soja dole alhali mai kuɗi yana iya biyan dala 300 ya kuɓuta, birnin ya kama da wuta kwana huɗu, aka kashe sama da mutum ɗari, aka yi ta farautar baƙar fata a tituna. Ka sa fadar shugaban ƙasa da majalisa a tsakiyar wannan tarzomar, ka ga ba tarzomar gari ba ce kuma, ta zama barazana ga gwamnatin da take tsakiyar yaƙi.

Batun girma kuwa, Niyok ba ta yi asarar komai ba da tafiyar gwamnati. Shekara biyu bayan tashinta, a 1792, dillalai suka ƙulla yarjejeniyar da ta haifi kasuwar hannayen jarin birnin. A 1825 aka buɗe mashigar ruwa ta Erie da aka haƙa, wadda ta haɗa tashar jiragen ruwan Niyok da manyan tafkunan cikin ƙasa, amfanin gonar yamma ya riƙa gangarowa ta nan. Tashar ruwa da ciniki da baƙin haure daga Turai su suka gina birnin. Gwamnatin tarayya a ƙarni na 19 ƙarama ce, duk gundumar Washinton kimanin mutum dubu 75 ne a cikinta a 1860. Ko ka kwashe su duka ka zuba a Niyok, ba su kai kashi ɗaya cikin goma na mutanenta ba.

Turkiyya ta fi sauƙin karantawa, domin a can barin gwamnati a Santanbul yana nufin wata ƙasa ce daban za ta fito. Sojojin ƙawancen da suka ci Daular Usmaniyya a Yaƙin Duniya na Ɗaya sun shiga birnin a Nuwamban 1918, suka mamaye shi a hukumance ranar 16 ga Maris, 1920, Sarkin Musulmi Mehmed na Shida yana fadarsa ƙarƙashin bakin igwar jiragen yaƙin Birtaniya. Masu gwagwarmaya suka buɗe majalisarsu a Ankara ranar 23 ga Afrilu, 1920, saboda jirgin ruwa ba ya zuwa can, layin dogo kuma yana zuwa. Da suka ci yaƙi suka ayyana Ankara babban birni ranar 13 ga Oktoba, 1923, kwana 16 kafin shelar jamhuriya. Yarjejeniyar Lausanne ta wannan shekarar ta hana Turkiyya girke sojoji a mashigin ruwan da ya ratsa Santanbul, kuma haramcin bai tashi ba sai 1936. Gwamnatin da ta zauna a can za ta yi shekara 13 ba ta da ikon kare ƙofar gidanta.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne mutanen birnin. A Santanbul gidan sarautar Usmaniyya yake, da manyan malamai, da tsofaffin ma'aikatan daula, da jaridun da suka fi kowa baki. Soke halifanci ranar 3 ga Maris, 1924, da rufe makarantun addini, da sauya haruffan rubutu daga na Larabci zuwa na boko a 1928, duk an zartar da su ne daga wani ƙaramin gari a tsakiyar Anatoliya wanda bai kai mutum dubu 80 ba a ƙidayar 1927, lokacin da Santanbul take da kusan dubu 700. Mustafa Kemal, jagoran gwagwarmayar kuma shugaban jamhuriyar na farko, bai sake taka Santanbul ba tun fitarsa a 1919 sai a 1927. Ko kana ganin waɗannan sauye-sauye alheri ne ko kana ganinsu ɓarna, ban ga yadda za a yi su da irin wannan gaggawa ba a birnin da halifa yake fita sallar Juma'a jama'a na kallonsa. Turkiyyar da ta riƙe Santanbul za ta fi kama da ƙasa mai sarki da majalisa, sauyi na tafiya a hankali, ana ciniki da malamai da 'yan kasuwa kan kowace doka. Amma girman birnin bai damu da tafiyar gwamnati ba: ya ja baya na 'yan shekaru, yau kuma ya haura mutum miliyan 15, kusan ninki uku na Ankara.

Kada a ɗauka cewa kullum haka take. Akwai biranen da tafiyar gwamnati ta karya. Petrograd, wato St. Petersburg ta yau, wadda ita ce fadar gwamnati a lokacin, ta fi Mosko yawan jama'a kafin juyin juya halin Rasha, aka mayar da gwamnati Mosko a Maris na 1918, daga nan ba ta sake kamo ta ba. Kalkata ce ta fi kowane birni girma a Indiya lokacin da Sarki George na Biyar na Birtaniya ya yi shelar ɗauke gwamnati daga cikinta zuwa Delhi a Disamban 1911, yau Delhi ta yi mata fintinkau, ko da yake raba ƙasar a 1947 shi ma ya yanke wa Kalkata rabin yankin da take ci daga gare shi. A Brazil, Rio de Janeiro ta daɗe tana jin jiki bayan an koma Brasília ranar 21 ga Afrilu, 1960. Bambancin yana ga abin da birni yake ci. Inda gwamnati ce take raba lasisi da kwangila da aikin yi, take kuma riƙe da masana'antu, dukiya tana bin ta duk inda ta je. Inda tashar ruwa da kasuwa suke ciyar da gari, gwamnati tana iya tafiya gari ya ci gaba da harkarsa. Masana tattalin arziki Alberto Ades da Edward Glaeser sun bi wannan sawu a wani bincike na 1995 kan ƙasashe 85, suka gano cewa babban birni a ƙasashen kama-karya yakan fi takwaransa na ƙasashen dimokuraɗiyya girma da kusan rabi, saboda kowa yana son ya matsa kusa da mai rabo.

Legas tana tsakanin biyun, amma ta fi karkata ga rukunin Niyok. Janar Murtala Muhammed ya kafa kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda a Agustan 1975, ya yi shelar sabon babban birni ranar 3 ga Fabrairu, 1976, kwana goma bayan haka aka kashe shi a cikin cunkoson motocin Legas. Aikin ya yi ta jan ƙafa shekara 15. Abin da ya zaburar da shi shi ne yunƙurin juyin mulkin Manjo Gideon Orkar na 22 ga Afrilu, 1990, lokacin da aka yi ruwan wuta a Barikin Dodan, fadar shugaban ƙasa a Legas, Janar Ibrahim Babangida ya sha da ƙyar. Ranar 12 ga Disamba, 1991, ya tare a Abuja. Tashoshin ruwa na Apapa da Tin Can, da kasuwar hannayen jari, da hedikwatocin bankuna da manyan jaridu duk suka yi zamansu, Legas ta ci gaba da cika tana batsewa. Da ma'aikatun tarayya suna nan, da cunkoson ya ƙaru, kuɗin fili a Ikoyi ya ƙara hawa, amma birnin ba zai zama wani abu daban ba.

Siyasar ƙasar ce za ta zama daban, kuma gwajin ya zo da wuri. Da aka soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993, Legas ce cibiyar zanga-zanga da yajin aiki, gwamnati kuwa tana can gindin dutsen Aso. Babangida ya sauka a Agusta, Janar Sani Abacha ya karɓe mulki a Nuwamba, ya riƙe shi daga Abuja har rasuwarsa a Yunin 1998. Ina shakkar gwamnatin soja za ta iya wannan dogon zama a Barikin Dodan, unguwar Obalende na manne da katangarta, ma'aikatanta na ratsa titunan da aka toshe kafin su isa ofis. Ko dai a sasanta da wuri, ko a zubar da jinin da ya fi wanda aka zubar. Amma a nan dole a yi wa masu ra'ayin Abuja adalci, don suna da hujja mai ƙarfi. Taron jama'ar babban birni ba shi ne ƙasa ba. Gwamnatin da take rawa da kiɗan titunan Legas, mutumin Maiduguri da ke da nisan sama da kilomita 1,500 zai ga ta wasu ce. A jawabinsa na rediyo Orkar ya ce ya cire jihohi biyar na Arewa daga Najeriya, wato Sakkwato da Barno da Katsina da Kano da Bauchi. A ƙasar da ake iya furta irin wannan magana, fadar gwamnati a tsakiya, wadda babu babbar ƙabila ɗaya da za ta ce tata ce, tana da amfanin da ba a auna shi da kuɗi. Kuɗin kuwa an kashe, kuma Gbagyi da sauran 'yan asalin wurin da aka tasa daga gonakinsu sun biya nasu kason da ba a cika lissafawa ba.

Pakistan ta nuna cewa ƙaurar ma tana iya ɓata haɗin kai idan ba tsakiya aka nufa ba. Janar Ayub Khan ya ƙwace mulki a 1958, shekara ɗaya bayan haka ya ɗauke gwamnati daga Karachi zuwa Rawalpindi, inda hedikwatar soja take, kafin a gina Islamabad a gefenta. Mutanen Gabashin Pakistan, waɗanda su ne mafi rinjaye a ƙasar, suna kallo ana zuba dukiya a sabon birni a ƙuryar arewacin ɓangaren yamma. Ba wannan ne ya raba ƙasar a 1971 ba, amma ya ƙara wa wutar itace. Da gwamnati ta zauna a Karachi, cikin 'yan kasuwa da lauyoyi da ɗalibai, da sojoji ba su same ta a tafin hannu da wannan sauƙi ba.

Illar nisa ba a mulkin soja kaɗai take ba. Filipe Campante da Quoc-Anh Do sun wallafa bincike a 2014 kan jihohin Amurka, inda da yawa hedikwatarsu ƙananan garuruwa ne nesa da jama'a, kamar Albany a jihar Niyok. Sun gano cewa jihohin da hedikwatarsu ta fi nisa da inda mutane suke sun fi fama da cin hanci, jaridu ba sa bin siyasar jihar sosai, masu zaɓe kuma ba su san abin da ake ciki ba. Ba tarzoma kaɗai mai mulki yake tsira daga gare ta idan ya yi nisa ba, har da ɗan jarida da mai ƙorafi da idon maƙwabci.

Masu mulki sun san wannan sarai. Sojojin Myanmar da suka murƙushe boren Yangon, babban birnin ƙasar a lokacin, a 1988 sun kwashe gwamnati zuwa Naypyidaw a Nuwamban 2005, don haka zanga-zangar limaman addinin Buddha ta 2007 ta cika titunan birnin da babu gwamnati a cikinsa. A Masar dandalin Tahrir ya kawar da Hosni Mubarak cikin kwana 18 a 2011, shekara huɗu bayan haka aka yi shelar sabon birnin gwamnati a sahara, kimanin kilomita 45 gabas da Alƙahira.

Idan kana son ganin tambayarka tana gudana a zamaninmu, ka sa ido kan Indonesiya. Majalisarta ta zartar da doka a Janairun 2022 ta mayar da fadar gwamnati daga Jakarta zuwa Nusantara a tsibirin Borneo. Dalilan da aka bayar na gaskiya ne: sassan arewacin Jakarta suna nutsewa saboda yawan zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa, tsibirin Java kuma yana ɗauke da fiye da rabin al'ummar ƙasar. Ina sa ran Jakarta za ta riƙe bankunanta da tasharta da cunkosonta ko da ƙaurar ta kammala. Abin da za ta rasa shi ne irin abin da ta yi a watan Mayun 1998, lokacin da ɗalibai suka mamaye harabar majalisar dokoki suka ƙi fita, har Shugaba Suharto ya yi murabus ranar 21 ga watan bayan sama da shekara 30 yana mulki. Tsakanin jami'o'in Jakarta da Nusantara akwai teku da nisan sama da kilomita dubu.